Dardumar Bakin Ƙofa da Faifan Leda: Yadda Ake Yin Su da Tsofaffin Kayan Gida

Tsohon ƙarfe ba ya rasa mai saye. 'Yan gwangwan suna bin lungu-lungu da baro, su karɓi fasasshiyar tukunya da robar da ta tsage, su biya ko su yi musaya da sabon kwano. A Kaduna irin waɗannan kaya Panteka suke ƙarewa, a Yamai kuma kasuwar Katako, inda maƙera ke narka gwangwanin lemo su zuba tukwane, su mayar da tsohuwar ganga murhu ko akwati. Abin da ke zama wa uwargida kaya shi ne tsumma da leda. Zanen da ya koɗe ya yage a mazauni, rigar yaro da ta ci tabon manja, ledojin cefane da aka cusa bayan ƙofar kicin. Ba a sayensu, ba a iya kyauta da su, ƙarshenta a cinna musu wuta a tsakar gida hayaƙi ya hana maƙwabta sakat.

Da waɗannan biyun za mu yi aiki. Tsumman zai zama dardumar goge ƙafa ta bakin ƙofa, ledar kuma faifai ko ɗan kwando. Ba keken ɗinki, ba wutar lantarki. Duk macen da ta iya kitson kalaba ta riga ta iya rabin aikin. Abin da ke raba darduma mai kyau da wadda za a ɓoye in baƙi sun zo ba wata baiwa ba ce ta hannu: tantance kaya ne, da yanka su daidai wa daida, da yin ɗinkin a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Tantance tsumma

Ki zazzage buhun tsofaffin kayan a kan tabarma. Duk abin da wani zai iya sawa ki ware shi, na sadaka ne, almakashi bai da hurumi a kansa. Kayan mamaci kuma gado ne, ba a taɓa su sai an raba. Haka duk ƙyallen da ke ɗauke da sunan Allah, ko aya, ko sunan Manzo, kamar wasu rigunan Maulidi da na saukar karatu, ba ya shiga abin da za a taka da ƙafa.

Sauran ki kasa su gwargwadon jikinsu. Atamfa da shadda da yadin auduga da tsohon zanen gado gida ɗaya ne: ba sa miƙewa, suna shan ruwa, su ne kan gaba a wannan aiki. Singileti da riguna masu talewa in an ja su, irin waɗanda ake rabawa lokacin kamfen, nasu kason daban. Suna yin darduma mai laushi ƙwarai, amma kada ki haɗa su da atamfa a kitso ɗaya, domin ɗaya zai miƙe ɗaya ya ƙi, dardumar ta murɗe tun wankin farko. Leshi da mayafi mai santsi ki bar su: leshi ramuka ne, santsin mayafi kuma ba ya riƙe kitso. Wandon jins yana da ƙarko amma yana cin hannu, a bar shi sai an goge.

Ki gwada ƙarfin kowane ƙyalle. Kama shi da hannu biyu ki fizga. In ya yage ba gardama, ya ruɓe, ya koma tsumman goge-goge. Yawanci tsakiyar zane ce ke mutuwa, gefe da gefe na nan da ransu, sai ki yanke mataccen wurin ki ɗauki sauran.

In kayan gida ba su isa ba, je wurin telan unguwa. A makonnin da ke gab da sallah shaguna cike suke da guntayen atamfa da shadda sababbi fil, da yawan teloli ma neman mai kwashewa suke. A Kano, 'yan gwanjon Ƙofar Wambai sukan karyar da zannuwan gadon da suka sami tabo, kuma zanen gado ɗaya ya fi zanen ɗaurawa biyu auki.

Sai wanki. A wanke komai da omo, a ɗauraye sosai, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Ƙyalle mai duhu ki jiƙa bakinsa ki goga a farin tsumma. In ya bar launi, yana zuba, kada ya zauna kusa da fari. Farin da ya dafe har ba ya jin wanki ana iya kai shi rini. Marinar Ƙofar Mata, wadda tarihi ya ajiye kafuwarta a 1498, har yau tana aiki da baba da toka, kuma shuɗin baba yana kyau a bakin darduma, sai dai a ɗauraye shi sau da yawa kafin a kitsa. Bayan shanya ki bi ƙyallayen da dutsen guga. Mutane na raina wannan mataki, alhali ƙyallen da ya yamutse ba ya yankuwa daidai.

Lissafi da yanka

Kayan aiki kaɗan ne: almakashi mai kaifi, tef ɗin awo irin na tela, alli, allura da zaren ɗinki, basilla, zare mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi, da maƙalin shanya biyu ko uku. Bakin basillar ki goga shi a dutse ko siminti ya dakushe, don ba huda ƙyalle za ta yi ba, ratsawa za ta yi ta tsakanin kitso.

Ki farke kalmasa da duk wani ɗinki, ki cire maɓalli da zif, ki yanke bakin zanen nan mai tauri inda ake buga sunan kamfani. Faɗin kowane ziri inci 2 ne, wato kimanin yatsu uku a jere. Shadda mai kauri a rage mata zuwa inci ɗaya da rabi, yadi marar nauyi a ƙara masa zuwa biyu da rabi, domin abin da ake nema shi ne in an dunƙule su kaurinsu ya zo ɗaya. Auduga ba ta buƙatar a bi ta da almakashi har ƙarshe: ki auna, ki ɗan tsaga bakin, ki kama ki yage, za ta bi layin saƙarta ta tafi sak. Zaren da ya zazzaro a gefe ki tsince. Yadin roba ne ba ya yaguwa, shi sai an ja layi da alli an yanka.

Ga lissafin da zai hana ki tsayawa a tsakiyar aiki. Zane ɗaya yadi 2 ne, faɗinsa wajen inci 45. In kika yanka shi ta tsawonsa za ki sami ziri 22 ko kusa da haka, jimilla yadi 44. A raba uku, tunda uku-uku ake kitsawa, ya zama 14 da 'yan kai. Kitso kuma yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon, sai a tashi da igiya mai yadi 11. Dardumar bakin ƙofa mai tsawon inci 24 da faɗin 16 tana cin zane ɗaya da rabi, don haka ki tanadi abin da ya kai zane biyu.

Riga mai talewa yankanta daban. A yanke ta daga ƙarƙashin hammata, a cire kalmasar ƙasa, a sami zagayayyen ƙyalle buɗe sama da ƙasa. Daga bakinsa ki fara yanka a ɗan karkace kina zagayawa, ba tare da kin katse ba, har ƙyallen ya ƙare. Zai fito ziri ɗaya dogo. Ki ja shi tsakanin hannuwanki, gefensa zai naɗe da kansa ya zama igiya.

Kafin ki ɗora hannu a kitso, jera zirin bisa launi ki yanke shawara. Hanya mafi sauƙi da ba ta ba da kunya ita ce a riƙe launi ɗaya, misali shuɗi ko baƙi, ya zama ɗaya daga cikin ukun tun farko har ƙarshe, sauran biyun su riƙa sauyawa. Shi ke ɗaure tarkacen launuka su zama kamar da gangan aka zaɓo su. In za ki canja launi, ziri ɗaya za ki canja a lokaci guda, ki yi tafiya kaɗan sannan ki canja na biyu. Masu haske su zauna a tsakiya, masu duhu a baki, inda ƙura ta fi taruwa.

Kitson

Ɗauki ziri uku masu tsawo daban-daban, misali ɗaya kamu biyu, ɗaya uku, ɗaya huɗu. Dalili biyu ne. Na farko, kada mahaɗarsu ta faɗo wuri guda ta yi ƙullutu. Na biyu, in ɗaya gajere ne, yana zarewa da kansa, jelar ba ta harɗewa. Ki ɗora kawunansu a kan juna ki ɗinke da allura sosai, ki ɗaura kan a ƙarfen taga ko ƙafar gado. Masu tufkar igiya a babban yatsan ƙafa suke maƙalawa, kuma yana yi, sai dai baya ne zai gaya miki daga baya.

Kowane ziri ki lanƙwasa gefensa biyu zuwa ciki su haɗu a tsakiya, yadda yagaggen baki zai ɓuya. Sai kitso: na dama ya hau kan na tsakiya, na hagu ya hau kan na tsakiya, haka dai. Bambancinsa da kitson kai shi ne nan ba ƙasa ake ja ba, gefe ake ja. Kowane ziri in ya tsallaka, ki ja shi zuwa gefe ki danne da babban yatsa, kitson ya fito a baje, ba a murɗe ba. Ƙarfinsa kuma tsaka-tsaki: in kin tura ɗan yatsa ya shige ta tsakani, ya yi sako-sako, dardumar za ta saki bayan wata biyu, in igiyar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, basilla ba za ta ratsa ba. Duk lokacin da za ki tashi, ki danne inda kika tsaya da maƙalin shanya.

Idan ziri ya rage kamar tsawon tafin hannu, lokacin ƙari ya yi. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ɗinki: ki ɗora bakin sabon a kan bakin tsohon su yi kusurwa, fuska na kallon fuska, ki ɗinke a karkace daga lungu zuwa lungu, ki yanke rarar. In kin buɗe zai miƙe, kuma kaurin ɗinkin ya bazu maimakon ya taru wuri ɗaya. Mai sauri kuma tana iya yi ba allura. Ki tsaga ɗan rami a tsaye kusa da bakin kowannensu, ki ɗora bakin sabon a kan bakin tsohon ramukan su hau juna, ki ɗauko jelar sabon ki zuro ta ta ƙasa ta fito ta ramukan biyu, ki ja a hankali. Zai ƙulle da ɗan ƙaramin ƙulli, sai ki tura shi ƙarƙashin kitso. A riga mai talewa wannan ƙulli ɓacewa yake yi. A shadda kuwa ana jinsa a tafin ƙafa, gara a ɗinka.

Kada ki kitse igiyar duka kafin ki fara haɗawa. Ki kitsa yadi uku ko huɗu, ki haɗa, ki ga yadda launi ke faɗuwa, sannan ki ci gaba.

Haɗawa, inda ake cin jarrabawa ko a faɗi

Sauko da aikin kan tebur ko daɓen siminti. Ba a haɗa darduma a kan cinya. Wadda aka ɗinka a cinya siffar cinya take ɗauka, ba kuma dutsen gugar da zai miƙar da ita.

In zagayayya kike so, sai ki naɗe kan igiyar a kan kansa yadda ake naɗa gammo, ki ci gaba da zagayawa. Amma bakin ƙofa ya fi son mai ɗan tsawo, kuma ita tana da ƙa'ida: a cire faɗi daga tsawo, abin da ya rage shi ne tsawon layin tsakiya. Mai 24 da 16, layin tsakiyarta inci 8 ne. Mai 36 da 24, inci 12. Ki auna wannan tsawon daga kan igiyar, ki lanƙwasa ta ta dawo ta kwanta a gefen kanta, fuskar da ke sama ta ci gaba da zama a sama. Wannan lanƙwasa ta farko da layin farko da allura mai tsini za ki ɗinke su, don wurin ya yi matsi.

Daga nan basilla ta karɓa. Yanki zare mai ƙarfi kamar kamu uku, ki goga masa kyandir ko kakin zuma don kada ya harɗe, ki ƙulla shi a jikin layin tsakiya. Dubi gefen igiyar: duk inda ziri ya lanƙwaso ya koma akwai ɗan ido. Basillar za ta shiga ƙarƙashin ido ɗaya na jikin dardumar, ki ja, sannan ta shiga ƙarƙashin idon da ke fuskantarsa na sabuwar igiya, ki ja. Ɗaya nan, ɗaya can. In kin ja daidai zaren zai nutse tsakani, ba za a gan shi ta sama ko ta ƙasa ba, dardumar ta zama mai fuska biyu.

A miƙaƙƙen gefe ido ɗaya na tafiya da ido ɗaya. A kwana ne lissafi ke canjawa, domin zagayen waje ya fi na ciki tsawo. Nan dole ki riƙa tsallake ido ɗaya na sabuwar igiya jefi-jefi, wato ki ba ta rara. A zagaye biyu ko uku na farko, kusan duk bayan ɗinki ɗaya za ki tsallake. Da dardumar ta faɗaɗa, sau huɗu ko biyar a kowace kwana ya isa. Ba sai kin ƙirga ba. Ki kwantar da igiyar a gefen dardumar ba ja ba turawa, ki ga idon da ya faɗo daidai da wani, shi za ki ɗauka. Ba a taɓa tsallake ido na jikin dardumar, na sabuwar igiya kawai. Kuma kada tsallaken ya riƙa faɗowa wuri guda kowane zagaye, in ba haka ba kwanar za ta yi tsini.

Bayan kowane zagaye ki ɗora tafin hannu ki shafa. In bakin ya fara tasowa sama yana neman zama kwano, rarar ta yi kaɗan. In ya fara kaɗa yana tudu da kwari, ta yi yawa. Ko wanne ne, ki warware zagayen nan take ki sake. Yana da ciwo, amma tufka da warwarar zagaye ɗaya ta fi a gano aibin bayan zagaye shida. Ƙaramar tasowa kuwa tana jin magani: a yayyafa ruwa, a ɗora katako, a aza turmi ko jarkar ruwa a kai ta kwana.

Zaren haɗi in ya kusa ƙarewa, ki ƙulla sabo da shi ƙulli biyu, ki ja ƙullin ya shige cikin kitso.

Rufewa na son a yi ta a kan kwana, ba a miƙaƙƙen gefe ba. Idan dardumar ta kai girman da kike so, ki bar kamar inci 8 na zirin uku ba kitso, ki fiƙe kowanne da almakashi ya tafi yana sirancewa har ya kai rabin faɗinsa ko ƙasa da haka. Ki kitse su, igiyar za ta fito tana ramewa. Ki haɗa ta yadda kika saba, jelar ukun kuma ki cusa kowace a ido daban na zagayen baya, ki ɗinke da allura, ki yanke rara. Wanda bai sani ba sai ya yi ta neman inda aka tsaya.

A kan tayil dardumar tsumma zamewa take yi, kuma ta kayar da tsoho ko mai ciki ba abin wasa ba ne. Ki nemi tsohon tub ɗin mota wurin mai faci, ki wanke, ki yanka faci huɗu kamar tafin hannu, ki ɗinke su a ƙasanta. Wanki da hannu ake yi mata a baho, ba a murɗe ta wajen matsa, kuma a kwance ake shanya ta. In aka rataye ta a igiya tana jiƙe, nauyin ruwa zai ja ta ta zama wata siffa.

Faifan leda da zaren buhu

Leda ba ta ruɓewa. Ita ke toshe kwalbati da damina, ita ce mahauta ke tararwa cunkus a tumbin akuya da saniya. Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta yi doka a 2014 kan siririyar leda, ko da yake duk wanda ya shiga kasuwa ya san inda dokar ta tsaya. Faifai ɗaya ba zai share gari ba, amma yana cinye ledar da gida ya tara a 'yan makonni, kuma ba ya jin tsoron ruwa ko gara.

Ɗinkin faifai ba baƙo ba ne. Iyayenmu da ciyawa suke yin cikinsa su naɗe da kabar goriba, kuma tuni mata a karkara suka fara sa zaren buhu mai launi a madadin rinanniyar kaba. Abin da za mu canja shi ne cikin: leda maimakon ciyawa.

Ledar da ta taɓa ɗanyen nama ko kifi ko manja a zubar. Sauran a juya cikinsu, a wanke da ruwan omo, a shanya a inuwa. Ki shimfiɗa leda, ki yanke hannuwanta da gindinta, ki ninka ta ta tsawo sau biyu, ki yayyanka a gicciye da faɗin yatsu biyu. Kowane yanki in kin buɗe zobe ne. Ki zura zobe ɗaya cikin wani, ki dawo da shi ta cikin kansa, ki ja sannu, sun sarƙe ke nan. Haka har ki sami doguwar igiya. Ledar fiya wata ta fi kauri da gajarta. A yanke bakinta biyu, a wanke cikin sosai don tana yin gansakuka, a yanka ta zobe-zobe ita ma. Tana ba faifai tauri, don haka ki gauraya ta da baƙar leda.

Zaren naɗi daga buhun shinkafa ko na sukari ko na fulawa ake samunsa: a farke bakin, a zare sili-sili. Buhun da ya daɗe a rana ya mutu, in kin ja silin zai tsinke ko ya yi gari, kada ki ɓata lokacinki. Buhun taki, na siminti, da duk wanda aka zuba hatsi mai maganin ƙwari, ba sa kusantar abin da zai rufe abinci, ko an wanke su. A nan basilla mai tsini ake so.

Haɗa igiyar leda uku ko huɗu ki murɗa su, kaurinsu ya kai na fensir. Wannan shi ne cikin. Zura sili biyu na zaren buhu a basilla. Kwantar da jelar zaren a jikin cikin, ki naɗe kansa tam-tam tsawon gaɓar yatsa biyu, ki lanƙwasa wurin ya zama ɗan zobe ƙarami, ki soka basilla ta tsakiyarsa sau da yawa kina zagayawa har ya kama. Cibiyar faifan ke nan, kuma ita ce mafi wuya. In ta fito da rami babba, warware ki sake matsewa.

Daga nan waƙar ɗaya ce: naɗi uku a kan cikin shi kaɗai, na huɗu ki soka basilla a jikin layin da ya gabata ki ɗaure su tare. Uku, ɗaure. Uku, ɗaure. Naɗin ya rufe ledar ruf, kada baƙinta ya leƙo. Hannun hagu na murɗa cikin yana kwantar da shi a gefen layin baya, ba a kansa ba. Abin lura shi ne kauri: da kin ji cikin ya fara ramewa, ki cusa sabuwar igiyar leda a tsakiyarsa tun kafin tsohuwar ta ƙare. Faifan da ya fito wani wuri ƙato wani wuri siriri daga nan matsalarsa take. Canjin zare kuma, ki kwantar da jelar tsohon da kan sabon a jikin cikin ki naɗe su tare, ba a ƙulli. Da haka ake fitar da ado: layi biyu ja, ɗaya fari, ko a riƙa sauya launi a wuri huɗu na kowane zagaye ya fito da tauraro.

In faɗinsa ya kai na bakin kwanon da za a rufe da ɗan ƙari, ki rage igiyoyin cikin ɗaya bayan ɗaya har ya sirance, ki naɗe shi tare da layin baya a kowane naɗi, ki soke jelar zaren ciki. In kwando kike so, idan gindin ya kai faɗin da ya yi miki, sai ki fara ɗora sabon layi a kan na baya maimakon gefensa. Bango zai tashi. Ɗora shi ɗan waje-waje, bakin ya buɗe; ɗan ciki-ciki, ya tsuke. Irin wannan kwando yana riƙe albasa, maƙalan shanya, ko kayan kwalliya.

Iyakarsa ita ce zafi. Ledar cefane tana fara narkewa da zafi ya ɗan haura na tafasasshen ruwa, gindin tukunyar da aka sauke daga murhu kuwa ya wuce nan nesa. Ba a aza tukunya a kansa, ba a rufe tuwo mai tururi da shi, ba a ajiye shi kusa da wuta. Na rufe ƙwaryar fura ne, da kwanon gari, da tulu. Wajen bakace da shiƙa kuma faifan kaba bai da na biyu, don na leda santsi gare shi, tsaba ba ta tsayawa. Abin aza tukunya ki yi shi da ragowar kitson auduga zalla, zagayayye mai faɗin tafin hannu biyu. Kuma kada ki ƙona bakin zare da ashana don ya kama, yadda wasu ke yi. Sokewa ciki ta wadatar, hayaƙin leda ba abin shaƙa ba ne.

Ragowar kitson da bai kai komai ba yana da wurin zuwa. Gwangwanin madarar gari ko babban na tumatir, a wanke, a bubbuge kaifin bakinsa da guduma ya kwanta, a naɗe shi da igiyar daga ƙasa zuwa sama ana ɗinke kowane layi da na ƙarƙashinsa, ya zama mazubin cokula ko na biro. Mai murfi a tsaga masa baki ya zama asusun yara. Gwangwanin fenti da na maganin feshi ban da su, haka tsohon batir ba abin wasan yara ba ne. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa a kiyaye duk abin da ake zargin akwai ta a ciki.

Wadda ta yi niyyar sayarwa ta bari sai dardumarta ta uku. Ta farko ta ƙofar banɗaki ce, ta biyu ta kyauta. Wajen sa kuɗi ta lissafa zare da omo da awannin da ta zauna, kada ta ce ai tsumma kyauta ne ta karyar. Masu haɗa kayan ɗakin amarya sun fi son saiti, darduma biyu da faifai uku masu launi ɗaya, kuma wannan aiki guntayen tela sababbi ake yi wa, ba tsohon zane ba. In kuwa da tsohon zane aka yi, a faɗa wa mai saye tun kafin ta tambaya.